Feshi a Garkar Inna Larai

Tun ranar da aka binne Mu'minatu, wata jar akuya ce ta riƙe gidan Inna Larai. Mu'minatu, 'yar Inna Larai, ta rasu kwana tara da haihuwa, ta bar jaririya mace, Safina, wadda ta ƙi madarar gwangwani ƙememe. Duk abin da aka ɗura mata sai ta dawo da shi. A ƙarshe wata tsohuwa a unguwar ta ce a gwada nonon akuya, a tafasa shi a sirka da ruwa. Aka gwada, yarinya ta karɓa. Cikin wata biyar ta yi kumatu, ta yi cinyoyi, har ta fara gane muryar kakarta.

Dangin uban yarinyar mutanen Miga ne. Shi uban, Habibullahi, yana can kudu wajen nema, yayarsa Bilki ce ke magana da yawun gidansu. Ranar sadakar arba'in ta durƙusa gaban Inna Larai ta faɗi magana ba kwana-kwana.

"Inna, mun bar miki ita ne don mun ga halin da kike ciki. Amma zan riƙa zuwa duk bayan mako biyu. Ran da na ɗaga ta na ji ta rage nauyi, da ita zan koma. Matar ƙanenmu tana goyo, ba mu rasa nono ba."

Inna Larai ta gyara goyon da ke bayanta. Mu'minatu 'yar farinta ce, ta rayu shekara ashirin da shida uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari. Duk abin da ta danne a shekarun nan, a kan Safina ta sauke shi. Da yarinyar take kwana, da ita take tashi, ko sallah za ta yi tana goye a bayanta.

Autanta Talha shi ne ya rage mata. Yana tuƙa adaidaita sahu a Dutse, yana leƙo ƙauyen nasu da ke bayan Kiyawa sau ɗaya a mako, wani lokacin ma ba ya kashe injin sai Inna ta yi masa tsawa. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Makaranta ma a aji biyu na sakandare ya bar ta, don ya ce bencin yana cin sa.

A bayan ɗakunan gidan akwai garka, ɗan lambun da mahaifinsa Malam Abdulbaƙi ya kewaye da darnin kara tun Talha bai san kansa ba. Zogale ne a jere a jikin darnin, da lemun tsami guda, sai yakuwa da rama da kuɓewa da damina. Lokacin da Malam yake da rai, kullum ya dawo daga masallacin asuba sai ya ɗauki fartanya ya shiga, ba ya barin ciyawa ta kwana uku a wurin. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. A daminar bana ruwa ya yi yawa, Inna kuma ga ciwon gwiwa ga goyo, sai ciyawa ta samu wuri. Harkiya ta kai ƙugu, kiri-kiri ta shimfiɗe ƙasa ta shaƙe kuɓewar, ƙarangiya ta cika bakin ƙofa. Kullum bayan azahar Inna takan shiga da lauje ta yanko runguma guda ta zuba wa akuyar, amma akuya ɗaya da ɗanta ba za su cinye garka ba.

Wata Asabar Talha ya zo ya tarar da ita a tsakar gida, ta rungume Safina, idonta a kan ƙofar garkar.

"Inna, lafiya?"

"Jiya na shimfiɗa mata tabarma a gindin zogale ina yankan ciyawa. Ina waigowa na ga kububuwa tana wucewa ta gefen tabarmar. Auta, tsakaninta da ƙafar yarinyar nan bai kai taku ɗaya ba."

Talha ya leƙa garkar. Ya ce, "To a yi wa wurin feshi mana, Inna. Kwana biyu duk ta ƙone."

"A'a. Babanka bai taɓa shigo da wannan abin inda muke tsinkar ganyen miya ba. Ga fartanyarsa can a saƙale."

Ya ɗauko fartanyar, ya tuɓe riga, ya shiga. Daga hantsi har azahar yana sara yana zagin ciyawa, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, abin da ya share bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Da ya dawo bayan mako guda, aya-aya ta sake tsirowa a wurin, kore shar, kamar ba a taɓa ta ba. Ita dama a ƙarƙashin ƙasa 'ya'yanta suke, sara ta sama aski ne kawai. Ya tsaya yana kallonta.

Ranar kasuwar Shuwarin ya ajiye fasinja, ya ratsa rumfar Ɗan'inna, abokinsa da suka gudu daga makaranta a shekara ɗaya, wanda yanzu yake sayar da magungunan gona yana ba da aron tankin feshi.

"A'a, direban jirgin ƙasa mai ƙafa uku! Yau kuma noma za a koma?"

"Kai dai ba ni maganin ciyawa, mai ƙarfi, wanda ba ya jira."

Ɗan'inna ya kama hannunsa ya juya, ya ga tabon fartanya, ya tuntsire da dariya. "Wallahi ka yi asara. Mutane sun je wata sun dawo, kai kana nan kana dambe da harkiya. Ungo wannan. Murfi huɗu a tanki."

"Akwai maciji a wurin."

"To ka zo gidan sauƙi. Ka ƙara fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, rabin kwalba a ciki, ka kaɗa. Ciyawa ta mutu, maciji ya bar gari, sauro ma ya yi ƙaura. Amma ka ɗaura jar leda a bakin wurin, ka san yadda ake yi."

Talha ya sani. Duk wanda ya yi wa gonarsa feshi a yankin yakan kafa sanda ya ɗaura jar leda ko jan ƙyalle, don makiyaya da masu yankan ciyawa su kauce. Yaro ƙarami ma in dai yana zuwa gona ya san wannan.

Ya zaɓi ranar Laraba, don ya san ranar Inna za ta kai Safina allurar rigakafi Kiyawa. Bai so su yi musu. A ransa ya ce in ta ga wurin ya yi fes, faɗan ba zai wuce na yini ɗaya ba. Ya iso da hantsi, gidan ba kowa sai akuyar a turke da ɗanta yana tsalle a gefe. Ya cika tankin a bakin randa. Ya zuba murfi huɗu, ya dubi tsawon harkiyar, ya ƙara biyu. Ya juye fiya-fiyar duka, don rabin kwalba ya yi masa kaɗan a ido. Ya ɗaure hanci da tsohon rawanin babansa, ya goya tankin, ya bi garkar lungu-lungu yana famfo, har sai da ganye ya riƙa ɗiga. Wari ya sa idonsa ruwa, kansa ya yi nauyi.

Da ya gama ya ja ƙyauren garkar, ya ɗaura sabuwar jar leda a jikin sandar ƙofar, ƙulli biyu, daidai inda ido zai fara sauka. Ya so ya jira Inna, amma wayarsa ta yi ƙara, wata mai kayan miya da yake ɗauka kullum tana jiransa a Dutse. Ya leƙa gidan maƙwabcinsu Malam Gwadabe, aka ce yana gona. Ya ce a ransa zai kira shi da rana ya miƙa wa Inna wayar, ya gaya mata. Ya tayar da adaidaita ya tafi.

Rana ta yi, gari ya cika da fasinja, daga sakatariya zuwa tasha, daga tasha zuwa kasuwa. Sau biyu yana tunawa da kiran, sau biyu wani yana ɗaga masa hannu a bakin titi.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Malam Gwadabe ne.

"Talha, kana ina? Ka taho yanzu. Akuyar innarka ce ta faɗi."

Bai tuna yadda ya sauke mutanen da ke cikin adaidaitar ba. Ya dai san ya wuce Shuwarin injin yana kuka kamar zai tarwatse, bakinsa yana ta maimaita innalillahi.

Ya tarar da tsakar gidan cike da mata. Ɗan akuyar ya riga ya mutu, an ja shi gefe an rufa masa buhu. Uwar tana kwance a kan haƙarƙarinta, cikinta ya kumbura, kumfa tana fita ta baki da hanci, ƙafafunta suna karkarwa kamar ana kaɗa su. An ɗura mata manja, ya ɓata mata gemu da wuya. A gaban turken ga ragowar ciyawa, kore shar, rabin runguma. Inna tana durƙushe ta tallafe kan akuyar a cinyarta, Safina a bayanta tana tsala kuka.

Malam Gwadabe yana tsaye da wuƙa yana gwada kaifinta a farcensa.

"Yauwa, ga shi nan. Larai, ki ba da wuri. In muka ƙara jira mushe za ta zama. A yanka ta ko nama a samu, a raba wa maƙwabta."

Wata mata ta ce, "Ni dai na ce sammu ne. Dabba tana cin abincinta lafiya lau, sai kawai ta zube?"

Wata ta ce, "Ko macijin nan ne ya sare ta."

Talha ya dubi ƙofar garkar. Babu ledar. Ya dubi wuƙar, ya dubi yaran maƙwabta da suka fara taruwa a zaure suna jiran a fara fiɗa. Ya tako gaba.

"Baba Gwadabe, kada a yanka."

"Me ka ce?"

"Kada a yanka. Ba za a ci naman ba." Ya ɗaga murya. "Guba ta ci. Ni na yi wa garkar feshi da safe. Har da fiya-fiya a ciki."

Inna ta ɗago kai a hankali.

"Inna, na ɗaura jar leda a ƙofa. Wallahi na ɗaura. Ba ki gani ba?"

"Na gani," in ji ta. "Na ce wa ya bar sabuwar leda a nan iska ta ɗauke. Na kwance ta na zuba daddawa."

Malam Gwadabe ya sauke wuƙar. "Kai yaron nan, kanka ɗaya? Matar da rabonta da gona tun tana budurwa, ina za ta san alamar leda? Alamar maza ce a daji. A cikin gida baki ake buɗewa a faɗa." Ya juya wajen Inna. "Ba ki ji wari ba?"

"Na ji. Na ɗauka gidanku ne aka yi maganin sauro." Ta dubi hannuwanta. Sai ta miƙe zumbur ta kwance goyon ta miƙa wa wata mata. "Karɓe ta. Da hannun nan na yanko ciyawar, da shi na ɗauke ta."

Aka kawo sabulu, ta wanke hannu har gwiwar hannu sau uku, ta canza zani. Allah ya taimaka ba ta tatsi akuyar ba tun safe, abin da yarinyar ta sha da rana na asuba ne. Kafin malamin dabbobin da aka kira daga Kiyawa ya iso, akuyar ta miƙe ƙafa. Ya ce a haƙa rami mai zurfi a bayan gari a binne su duka biyun, kada kare ma ya samu. Talha ne ya haƙa, shi kaɗai. Babu wanda ya hana shi, babu kuma wanda ya karɓe shi.

Saura kwana tara Bilki ta zo.

Talha ya ajiye sana'a. Ya shiga ƙauyuka gida-gida yana tambayar akuya mai shayarwa. Lokacin ba na haihuwarsu ba ne sosai, waɗanda ya samu ko nonon ya kusa ƙafewa, ko masu su su ce 'ya'yan ƙanana ne ba za su raba su ba. A kwana na uku ya samo wata baƙa a wajen Andaza, ya ɗauko ta a bayan adaidaita tana ta kuka. Baƙon wuri ya hana ta ci, ta ƙi tsayawa a tatse ta, abin da aka samu bai rufe gindin kofi ba. Safina ta tsotsa sau ɗaya ta kawar da kai. Aka karɓo nonon shanu a rugar Fulani, ya sa ta zawo. Aka koma madarar gwangwani, ta dawo da ita kamar da. Aka dama koko mai ruwa-ruwa, ta sha cokali biyu ta datse baki. Ma'aikaciyar asibiti ta ba da ruwan gishiri da sukari, zawon ya tsaya, amma kumatun nan suka zube, wuyan ya fito, kukan ma ya koma siriri kamar na mage.

A cikin kwanakin garkar ta ƙone. Harkiyar ta kwanta ta yi ja, amma ba ita kaɗai ba. Yakuwa da rama da kuɓewa duk sun bi ta, zogalen ya zubar da ganyen ƙasa, lemun tsamin ya murɗe. Inna ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Takan zuba masa tuwo ta ajiye a ƙofar ɗaki, ta amsa gaisuwarsa, shi ke nan. Da ta ɗauki muciya ta rotsa masa kai da ya fi masa sauƙi.

Ranar Alhamis, ana gobe Bilki za ta zo, ya same ta tana shafa wa yarinyar man kaɗanya a ƙafa.

"Inna, ko in kira Yaya Bilki in ce mata kin yi tafiya? Mako biyu kawai. Kafin nan baƙar akuyar ta saba."

Ba ta dube shi ba. "Ka ɓoye mini feshi, yanzu kuma in ɓoye musu 'yarsu? Dube ta, Auta. Dube ta da kyau."

Ya duba. Ya tashi ya fita.

Bilki ta iso ranar Juma'a da hantsi, da ƙullin gyaɗa da sabulu kamar yadda ta saba. Suka gaisa, ta sha ruwa, ta miƙa hannu. Inna ta kwance goyon ta ba ta. Bilki ta ɗaga yarinyar sama sau ɗaya, ta sauke ta a cinya, ta taɓa maɗigarta, ta ja fatar cinyar ta saki. Labarin ya riga ya kai mata tun a bakin hanya, amma ba ta ɗaga shi ba.

"Inna," ta ce a hankali, "kin san maganarmu."

"Na sani."

"Ba don mun raina ƙoƙarinki ba ne. Duk garin nan an shaida."

"Na ce na sani, Bilki. Ku tafi da wuri, kada rana ta yi mata zafi a hanya."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayan yarinyar a ɗan kwando, riguna huɗu, hula, katin asibiti, da zanin goyon da Mu'minatu ta saya da hannunta ba ta samu ta goya ba. Ta miƙo kwandon daga bakin ƙofa, ta saki labule. Ba ta fito rakiya ba.

Bilki ta dubi Talha. "Kai mai feshi, kai za ka kai mu ko in nemi mota?"

Shi ya kai su. Suka bi ta Jahun, yana kauce wa ramuka kamar ƙwai ya ɗauko, bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Gero ya fitar da kai dama da hagu, mutane suna ta haramar masallaci, shi kuwa ba abin da yake ji sai siririn kukan nan a bayansa. Bilki tana jijjiga ta tana cewa, "Yi haƙuri, uwata, mun kusa."

A Miga aka ba shi tabarma a zaure. Yana ji aka shiga da yarinyar, yana jin mata suna salati da suka gan ta, wata tana cewa a kira Mashkura, matar ƙanen Bilki mai goyo. Kukan ya ƙaru, ya ƙaru, sai ya yanke ɗif. Talha ya miƙe tsaye. Can sai ya ji dariyar wata tsohuwa daga ciki.

"Kai, wannan 'ya da yunwa take! A hankali, ke, nonon ba guduwa zai yi ba."

Ya koma ya zauna. Aka kawo masa fura, ya riƙe kwanon har ƙudaje suka taru a baki, bai kai shi baki ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gida. Ya kashe injin a ƙofar zaure, ya zauna a ciki hannunsa a kan sitiyari, ya kasa sauka. Ya daɗe a haka. Daga baya ya shiga, ya yi sallama a tsakar gida. Labulen ɗakin Inna yana nan a sake yadda ya bar shi.

"Auta ne?"

"Ni ne, Inna."



"Ta kama?"

"Ta kama, Inna. Tana ta sha."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta daga bayan labulen.

Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.